Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna kan tsofaffin gine-ginen Kwalejin Sarauniya Amina, Kakuri

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Mu masu wannan takarda mutanen gini ne. A cikinmu akwai masu zanen gini da injiniyoyi, akwai birkiloli da kafintoci, akwai kuma malaman tarihi. Maganar tsofaffin gine-ginen Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Roƙonmu shi ne kada ma'aikatarku ta ba da kwangilar gyara ko rushe wani tsohon gini a harabar makarantar sai an auna shi, an zana shi, an rubuta tarihinsa, an kuma gano takamaiman abin da ke damunsa. Mun ga tsofaffin gine-gine da yawa a ƙasar nan waɗanda damina da gara suka bari a tsaye, gyaran gaggawa ya zo ya ƙarasa su.

Makarantar nan ta girmi 'yancin kan Najeriya da shekara 20. A 1940 aka kafa ta da sunan Queen of Apostles College, a hannun sistocin cocin Katolika na ƙungiyar Our Lady of Apostles, wadda Fada Augustin Planque ya assasa a birnin Lyon na Faransa a 1876. A lokacin Kaduna kanta shekararta 23 kacal da zama hedikwatar Arewa. Kakuri ba ta zama unguwar masaƙu ba tukuna, domin masaƙar Kaduna Textiles sai a 1957 ta fara aiki, masana'antar ƙera makamai ta biyo a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma a 1975. Makarantar ta riga su duka zuwa, ta ga cikar masaƙun da ma'aikata, ta ga rufe su, har yau kuma ana kaɗa ƙararrawa a cikinta.

Sai an tuna halin da karatun boko na 'ya'ya mata yake ciki a Arewa a wancan zamani za a san nauyin wannan. A 1930 ne aka buɗe ajujuwan 'yan mata na farko a gidajen sarautar Kano da Katsina, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko. Cibiyar horar da mata ta Sakkwato ta zo a 1939. St. Louis ta Kano sai 1948, Queen Elizabeth ta Ilori sai 1956. Wato makarantar Kakuri tana cikin 'yan ƙalilan na sahun farko, waɗanda iyaye suka yarda su sa 'yarsu a jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe da bokiti, ta je ta kwana wata uku a hannun wasu. A 1972, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena, ita kuma wannan aka sa mata sunan Sarauniya Amina ta Zazzau. Marigayiya Maryam Babangida tana cikin matan da suka yi karatu a nan, ga kuma ɗimbin malamai da ma'aikatan jinya da na gwamnati, Musulmi da Kirista, daga kowane sashe na ƙasar.

Wannan ɓangare na ƙarshe muna so a riƙe shi da kyau. Tun bayan rikicin shekarar 2000 kowa ya san yadda kogin Kaduna ya raba mazaunin mutane. Wuraren da tarihinsu na ɓangarorin biyu ne, ba tare da jayayya ba, sun yi ƙaranci a garin nan. Saboda haka duk wani allon dutse ko rubutun bango na zamanin sistoci a bar shi inda yake, haka ma na zamanin gwamnati. Kowannensu shaida ne.

Akwai abin koyi a kusa. Ginin ƙasa na tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1959, shi ya sa har gobe ana iya shiga a ga inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka zauna. Karatun mata ma ya cancanci gini guda da za a nuna wa jikoki. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ba da damar yin haka, hukumar kuma tana da gidan tarihi a kan titin Ali Akilu. Takarda daga ofishinku ce za ta buɗe maganar.

To, ga yadda aikin yake, daki-daki.

Makarantar da ta haura shekara 80 ba a rana ɗaya aka gina ta ba. Akwai ginin zamanin mishan, akwai wanda gwamnati ta ƙara bayan 1972, akwai na gyare-gyaren baya-bayan nan, kuma kowanne da irin kayansa da irin ciwonsa. Aikin farko shi ne a ba kowane gini lamba, a auna shi da tef, a zana shimfiɗarsa da fuskokinsa huɗu a kan ma'aunin 1:100, wato santimita ɗaya a takarda madadin santimita 100 a gini, ƙofofi da tagogi da katakon rufi kuma 1:20. A ɗauki hoton kowace fuska da sandar awo a jingine da bango. A ɓamɓare filasta kamar tafin hannu a wuri biyu ko uku da ba a gani, a ga me ke ciki: jan bulo ne gasasshe, ko tubalin ƙasa, ko dutse, ko bulon siminti, sannan a murza abin da aka haɗa su da shi a ji ko farar ƙasa ce ko siminti. Shekarar gini kan fito daga allon harsashi, ko tambarin kamfani a bayan kwano, ko jikin makulli da ƙarfen taga. Sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna da ɗalibai da malaman da za su gama wannan a hutu guda, kuɗinsa kuwa bai kai na sake rufin aji biyu ba. A haɗa da safiyo ya zagaye iyakar fili, a dasa duwatsun shaida, a ajiye taswirar a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jiha, domin filin makaranta a tsakiyar gari kullum akwai mai ido a kansa.

Daga nan sai rufi, domin ruwa ne babban abokin gabar tsohon gini. Kaduna na samun ruwan sama kusan milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ɗakin kwana mai tsawon mita 30 da faɗin mita 10 yana zubar da lita 360,000 ke nan duk damina, wato duro 1,800. Tambayar da za a yi wa kowane gini ita ce: ina wannan ruwa yake zuwa? Magina na da sun amsa ta da rufi mai tsini, da bakin kwano da ya zarce bango da santimita 60 zuwa 90, da baranda mai faɗi, da lambatu a gindin gini. Abin da ake yayi yanzu shi ne a yanke bakin kwanon, a ɗaga bango ya ɓoye rufin, a zuba indararon kankare a bayansa don gini ya yi kama da na zamani. Ganyen mangwaro kaɗan ya isa ya toshe wannan indararo, ruwa ya taru ya bi ta cikin bango, cikin damina biyu a ga taswira a silin. Muna roƙo a hana wannan salo a kan tsofaffin gine-ginen gaba ɗaya.

Kwanon da kansa a duba shi falle-falle kafin a yanke masa hukunci. Na da yakan kai rabin milimita a kauri ko ya fi, alhali mai arahar da ke kasuwa yau bai kai rabin haka ba. Tsatsar sama-sama ana kankare ta da burushin waya, a shafa jan fenti na kare tsatsa, a bi da fentin rufi. Sai fallen da ya huje ne za a cire. Wurin bugawa, gefe ya hau gefe da tudu ɗaya da rabi, kai ya hau kai da santimita 15 aƙalla, ƙusa kuma a kan tudu ake buga ta da wosha, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Idan an sa kwanon alminiyom, kada a buga shi da ƙusar ƙarfe baƙa, domin inda suka haɗu nan yake cinyewa. Abin da ke yaye rufin makarantu a guguwar farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, galibi rashin ɗauri ne: katakon da ke kwance a kan bango, wanda dukkan rufin ke zaune a kansa, ba a ɗaure shi da bangon ba. A ɗaure shi da rodi mai milimita 6 ko ɗamarar ƙarfe da aka binne a cikin bango, duk bayan mita ɗaya da 'yan kai.

Katakon rufi kuma a hau a soka masa sukudireba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ƙarfe ya shige shi da sauƙi gara ta cinye cikinsa. Wanda ya ƙi, a bar shi, don busasshen katako mai nauyi na wancan zamani ba a samun irinsa a kasuwar katako yanzu. Sau da yawa kan raftan, wato katakon da ke ɗauke da rufi, ne kawai ya ruɓe, inda ya shiga bango. Kafinta zai yanke ruɓaɓɓen, ya haɗa sabo da falanki biyu a gefe da kusoshi masu noti, aiki ya ƙare. Baƙin mai da ake shafawa ba ya kashe gara. A bi hanyarta ta ƙasa har gidanta, a haƙe shi, a zuba maganin gara a ramin da aka zagaye gini da shi, a kuma kwashe duk wani guntun katako da tsofaffin bencina da aka jibge a jikin bango.

Ciwo na biyu daga ƙasa yake tasowa. In kun ga filasta na kumbura daga gindin bango zuwa kamar gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari kamar kanwa a kai, danshi ne ke hawa. Dalilinsa kusan kullum ɗaya ne: shekara da shekaru ana ciko, ana daɓe, ana shimfiɗa bulon tsakar gida, har ƙasar waje ta zo daidai da daɓen ɗaki ko ta fi shi. Maganinsa a sauke ƙasar waje ta koma santimita 15 aƙalla ƙasa da daɓen ciki, a karkata ta ruwa ya gudu daga bango, a buɗe tsohon lambatu da aka binne. Abin da ɗan kwangila kan yi shi ne ya yaɓa filasta mai ƙarfi, siminti ɗaya yashi uku, ya bi da fentin mai ko ya manna tayil. Bangon jan bulo ko na ƙasa numfashi yake yi kamar tukunyar ƙasa, ruwan da ya sha ta jikinsa yake fita. In aka toshe shi, danshin sai ya ƙara hawa sama, bulon ya ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta faɗo fai-fai da fuskar bangon a jikinta. Ƙa'idar ita ce abin da aka shafa kada ya fi bangon ƙarfi. Kwaɓin da ya dace shi ne farar ƙasa ɗaya yashi uku, ko siminti ɗaya, farar ƙasa ɗaya, yashi shida. A yi shi hawa biyu, kowanne kada ya wuce kaurin santimita ɗaya, a bar mako guda a tsakani, ana yayyafa ruwa safe da yamma. In da hunturu ake aikin, a rataya jiƙaƙƙun buhuna a gaban bangon, in ba haka ba iska za ta busar da shi kafin ya kama, ya tsattsage. A gama da farar ƙasa ta shafe, hawa uku, tsararo-tsararo.

Tsaga a bango ba kowacce ce abin tsoro ba, kuma ba a cike ta sai an san ko tana motsi. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a liƙa siririn gilashi a gicciye, a riƙa dubawa duk wata har a ratsa damina da rani. Wadda ba ta kai milimita 5 ba kuma ta tsaya cik, birkila ya cike ta. Wadda ta wuce milimita 15, ko take ƙaruwa, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, a fitar da yara daga ɗakin a kira injiniya. Sau da yawa in an bi sawu za a tarar da bututun ruwa da ya fashe a ƙarƙashi, ko sokawe da aka haƙa dab da harsashi. Sokawe ya nisanci gini da mita 5 aƙalla, ya nisanci rijiya ko burtsatse da mita 30. Manyan itatuwa kuwa a rage musu rassan da ke kan rufi, amma kada a sare su. Inuwarsu na cikin abin da ke sanyaya ajujuwa, kuma tsofaffin ɗalibai da su suke gane wuri.

Gine-ginen da aka yi da kankare daga baya ciwonsu daban. Ruwa kan kai ga rodin ciki, ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki, musamman a kan tagogi da ginshiƙan baranda. Shafa siminti a kai ɓata kuɗi ne. Sai an fasa har bayan rodin, an goge shi ya yi haske, an ƙara wani in ya sirance, sannan a rufe shi da kaurin santimita 2.5 zuwa 4.

Akwai abu biyu da suka shafi lafiyar yara da ta leburori kai tsaye. Silin da kwanon asbesto an yi amfani da su sosai a gine-ginen gwamnati daga wajen 1950 zuwa bayan 1980. Muddin suna zaune lafiya ba a taɓa su ba, haɗarinsu kaɗan ne. Ƙurarsu ce guba, cutar huhun da take jawowa kuma sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana. In za a cire, a yi lokacin hutu, a jiƙa su sharkaf, a kwance kowane falle ɗungurungum ba tare da fasawa ko yankawa da zarto ba, a naɗe a leda mai kauri riɓi biyu, a binne a wurin da aka yi wa alama. Ba a share wurin da tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, ma'aikata kuma su sa abin rufe hanci na gaske. Na biyu tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi, wanda sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya ishe mu gargaɗi. Kada a goge shi da busasshiyar samfefa ko a ƙona shi da wuta.

Ɗakunan kwana su ne inda muke so a fi tsayawa. Masu ginin farko sun ɗaga silin sama, sun sa tagogi suna kallon juna, sun bar ƙofofin iska a can saman bango, don zafi ya tashi ya fita ba tare da fanka ba. Da ɗalibai suka yi yawa, a makarantun kwana da dama an toshe baranda an mai da ita ɗaki, an liƙe ƙofofin iskar saboda sauro ko jemage, an sauko da silin roba. Sakamakon shi ne ɗaki mai zafi da cunkoso, irin wanda sanƙarau ke so a watannin bazara. Raga ce maganin sauro da jemage, ba bulo ba. Silin roba kuma in wuta ta kama narkewa yake yi yana ɗiga, hayaƙinsa na shaƙe mutum kafin harshen wutar ya iso. Kowane ɗakin kwana ya kasance da ƙofa biyu a ɓangarori dabam-dabam, masu buɗewa waje, waɗanda yarinya za ta iya buɗewa daga ciki cikin duhu. Ƙarafan tsaro na taga a sa wa aƙalla biyu maratayi da sakata ta ciki. Tsohuwar wayar lantarki a zare ta duka a ja sabuwa cikin bututu a kan bango, da wayar ƙasa da na'urar yanke wuta, ba tare da an farfasa tsohon bango don binne ta ba. Idan ɗalibai sun fi ƙarfin ɗaki, a gina sabo a gefe. Tsohon ya ɗauki adadin da aka gina shi dominsa.

Mai girma Kwamishina, duk wannan ba zai yi aiki ba in takardar kwangila ba ta canza ba. Yadda ake rubuta ta yanzu, ana biyan ɗan kwangila ne bisa yawan abin da ya cire da wanda ya sa sabo, don haka ribarsa tana cikin cirewa. Layi guda da ke cewa a cire a kwashe ya isa ya fitar da ƙofofin katako da tagogin ƙarfe da ƙararrawa daga makaranta zuwa kasuwar 'yan gwangwan. A rubuta jerin duk abin da ke jikin gini kafin a fara, da hoto, shugabar makaranta da wakiliyar tsofaffin ɗalibai su sa hannu, kada komai ya fita ƙofa sai da izininsu a rubuce. A sa farashin gyara dabam da na sauyawa. A sa ɗan kwangila ya yi gwajin filasta a murabba'in mita ɗaya a gani kafin ya ci gaba. Kason da ake riƙewa daga kuɗinsa kada a sake shi sai bayan wata 12, domin rufin da bai ga ruwan Agusta ba ba a san ingancinsa ba. Aikin rufi da bango a fara shi a Nuwamba a gama kafin ƙarshen Maris. Bayan haka a ware wa shugabar makaranta ɗan kuɗin kula na shekara-shekara a hannunta, na share indararo da lambatu kafin ruwan farko da bayan na ƙarshe, da sauya falle ɗaya ranar da ya fara yoyo, tare da littafin da za a riƙa rubuta kowane gyara da kwanan watansa.

Sai takardu. Rajistar ɗaukar ɗalibai, littafin shugabar makaranta, na baƙi, hotunan aji da mujallun makaranta su ne bakin ginin, kuma gara ta fi son su a kan katako. A ɗauke su daga ƙasa, a sa a kabad na ƙarfe nesa da bangon waje, a cire musu ƙusoshin ƙarfe masu tsatsa, kada a manne su da leda mai zafi ko salatif. A ɗauki hoton kowane shafi, a kai kwafi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa. Don abin da ya gabaci 1972, a rubuta wa ofishin Babban Bishop na Katolika na Kaduna da sistocin ƙungiyar, har da gidansu na Ardfoyle a birnin Cork na ƙasar Ailan, a nemi kwafin hotuna da wasiƙu da zanen gini. Iyayenmu mata da suka yi makarantar kafin a canza mata suna yanzu sun haura shekara 65, wasu sun kusa 90. A tura 'yan ajin ƙarshe da malamar tarihi su zauna da su, a zagaya da masu ƙarfin tafiya cikin harabar suna nuna wane ɗaki ne na me, ana naɗar muryarsu. Wannan ɓangaren ne ba ya jiran kasafin kuɗin baɗi.

A 2040 makarantar za ta cika shekara 100. Muna ba da shawarar a zaɓi gini mafi tsufa da awon ya tabbatar, a gyara shi bisa ƙa'idojin nan, a ci gaba da karatu a cikinsa, a keɓe ɗaki ɗaya na ajiye hotuna da takardu. Muna kuma roƙon ma'aikatarku ta kira zama da hukumar makarantar, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da Hukumar Gidajen Tarihi, kafin hutun ƙarshen zango mai zuwa, don a sa ranar fara awo. Duk lokacin da aka kira wannan zama, za mu zo da tef da takardun zane.

Allah ya ƙara wa Kwamishina lafiya.

Naku,
Wasu masu zanen gini, injiniyoyi, magina da malaman tarihi mazauna Kaduna da Zariya